Siminti a ƙashin bayan tsohuwa: kafin ku sa fili a kasuwa, ku karanta wannan

1/ Yau dai sai na yi magana a kan bidiyon nan da ke ta yawo: a turo tsohuwa a keken marasa lafiya, a ɗura mata siminti a ƙashin baya, bayan minti talatin a nuno ta tana takawa tana ɗaga hannu sama. Zaren dogo ne. Duk mai tsohuwa a gida ya daure ya kai ƙarshe. 🧵

2/ Abin da ya sa na kasa yin shiru: saura ƙiris a sayar da filin gadonmu saboda bidiyon nan. Gwaggona ta haura sittin da biyar. Ta sunkuya ɗaukar bokitin alwala, ta ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayanta. Ba faɗuwa ta yi ba fa. Daga ranar, ko juyi a kan gado sai da salati.

3/ Aka yi hoto, aka ce gaɓa ɗaya ta ƙashin baya ta lotsa. Kafin magariba wani yayanmu ya jefo bidiyon a guruf ɗin gida na WhatsApp, haɗe da lambar wani dillalin asibitocin waje. Washegari har an fara lissafin biza da tikitin mutum biyu. Da na ce a dakata, sai aka ce ni dama ba na son a kashe wa Gwaggo kuɗi. To.

4/ Bari mu fara da cutar, don dillali ba ya farawa da ita. Ƙashi ba dutse ba ne. Kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. In shekaru suka ja, musamman ga mace bayan al'ada ta ɗauke, rushewar na fin ginin sauri. Cikin ƙashin ya zama kamar azarar da gara ta cinye: a waje lafiya lau, a ciki holoƙo. Zaizayar ƙashi ke nan.

5/ Gaɓoɓin baya su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki. In sun zaizaye, atishawa mai ƙarfi ko ramin titi a cikin adaidaita ya isa ya sa ɗaya ta durƙushe ta gaba. Ba irin karayar da muka sani ba ce ta ƙashi ya rabu biyu. Lotsewa take yi kamar gwangwanin da aka taka. Biyu, uku suka yi haka, sai ka ga tsohuwa ta rage tsawo ta yi doro, mu ce tsufa ne.

6/ Gidauniyar yaƙi da zaizayar ƙashi ta duniya ta ƙiyasta cewa cikin matan da suka wuce shekara 50, ɗaya cikin uku za ta samu karaya irin wannan a wani sashe na jiki. Maza ɗaya cikin biyar. A karayar baya kuwa, kusan biyu cikin uku ba a ma gano su a asibiti.

7/ Shi kuma aikin simintin, a takardar asibiti za ku ga an rubuta vertebroplasty. Ana kwantar da mutum rub da ciki, a kashe wurin, a soka allura mai kauri har cikin gaɓar da ta lotsa ana kallo ta na'urar hoto, a ɗura wani haɗi mai kama da man goge baki. Cikin 'yan mintuna ya sandare. Ba simintin gini ba ne, dangin roba ne, sunansa PMMA a taƙaice.

8/ Kuma ba sabon abu ba ne kamar yadda dillalai ke kururutawa. John Charnley ya yi ta manna ƙugun roba da ƙarfe da shi a Ingila tun wajen 1960. A ƙashin baya kuwa, a garin Amiens na Faransa aka fara a 1984, likitoci biyu, Galibert da Deramond. Ita ma matar farko ba zaizaya ce ke damunta ba, wani ƙari ne na jijiyoyin jini a ƙashin wuya.

9/ Daga nan abin ya bazu, musamman a Amurka. Kuma gaskiya hankali na ɗauka: ƙashi ya fashe, an cike shi, ya daina motsi, ciwo ya tafi. Majinyata na tashi suna godiya. Shekara ashirin da ɗoriya ana yi, babu wanda ya yi gwajin da ya fi kowanne muhimmanci: in aka yi wa mutum aikin ƙarya bai sani ba, shi ma zai ce ya ji sauƙi?

10/ Sai a watan Agustan 2009. Mujallar New England Journal of Medicine ta buga bincike biyu rana ɗaya. Ɗaya daga Ostireliya ƙarƙashin Rachelle Buchbinder, mutum 78. Ɗayan ƙarƙashin David Kallmes na asibitin Mayo a Amurka, mutum 131. Aka raba majinyata gida biyu da ƙuri'a, da yardarsu: wasu a yi musu aikin gaske, wasu na bogi.

11/ Ku ji yadda aka yi na bogin, don nan ne daɗin labarin. An shigar da su ɗakin aiki ɗaya, an kwantar, an yi allurar kashe zafi, ana danna bayan kamar ana aiki. Har buɗe sinadarin simintin ake yi don warinsa ya cika ɗakin, saboda yana da wari mai hawa kai. Komai an yi, ban da ɗura simintin.

12/ Sakamako? Waɗanda aka ɗura wa sun ji sauƙi sosai. Waɗanda ba a ɗura wa komai ba su ma sun ji sauƙi sosai. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai a ce ga shi ba, a ciwo ko a iya hidimar yau da kullum. Duka binciken biyu, amsa ɗaya.

13/ Kallmes fa ba maƙiyin aikin ba ne. Ya shekara da shekaru yana yi da hannunsa. Abin da ya fara sa masa shakka shi ne lura da ya yi cewa yawan simintin da aka ɗura bai cika canza komai ba, kuma ko an yi kuskure an ɗura a gaɓar da ba ita ce ta karye ba, wani lokacin majinyaci sai ya ce ya warke. Mutumin da ya gwada sana'arsa da kansa ya buga abin da ya gani, wallahi ya cancanci jinjina.

14/ "To ita matar bidiyon ƙarya take?" A'a, ba lallai ba. Abu uku ne ke haɗuwa. Akwai allurar kashe zafin da aka yi mata a wurin yanzun nan. Akwai tasirin sa rai: wanda ya tsallaka teku, ya ga manyan na'urori, ya san an kashe miliyoyi, jikinsa na rage jin zafi da gaske, ba riya ba.

15/ Na uku shi ne wanda ba a son faɗa: galibin irin wannan karayar na haɗewa da kanta. Zafin na sauka cikin mako shida zuwa wata uku ko ba a taɓa bayan ba. Yanzu ku lissafa kwanakin karo-karo, fasfo, biza, jiran jirgi. Kafin a sauka a can, ƙashin ya ci rabin hanyar warkewa. Siminti ya zo ya karɓe yabon.

16/ Bidiyon minti ɗaya ba zai taɓa nuna muku matar da aka bari a gida da magani ta miƙe bayan wata biyu ba. Ba ta da dillali, ba wanda zai ɗauke ta.

17/ Yanzu bari in yi adalci, don na san likitoci na nan suna karantawa kuma za su zo mini a ƙasa. An soki binciken 2009, kuma sukar na da tushe: mutanen ba su da yawa, wasu kuma karayarsu ta kai watanni, har kusan shekara. Wanda ƙashinsa ya riga ya haɗe, me siminti zai ƙara masa?

18/ Shi ya sa aka yi wani a birnin Sidni, sunansa VAPOUR, mujallar Lancet ta buga a 2016. Mutum 120, karayar kowa ba ta kai mako shida ba, zafin kuma mai tsanani, fiye da rabinsu ma suna kwance a asibiti. Bayan kwana 14, kashi 44 cikin 100 na masu siminti zafinsu ya sauka sosai. A ɓangaren bogi kashi 21 ne. Wannan bambanci ne na gaske, ban musa ba.

19/ Amma ku dubi lambar da kyau. A cikin mutanen da aka tace aka zaɓo, waɗanda suka fi kowa dacewa da aikin, fiye da rabi ba su kai wannan matakin sauƙin ba a mako biyu. Ina "minti talatin ta miƙe"? Kuma wani kamfani mai sayar da kayan aikin ne ya ba da kuɗin binciken. Wannan bai sa ya zama ƙarya ba, amma ya kamata a sani.

20/ Bayan shekara biyu, 2018, 'yan Holan suka fito da nasu, VERTOS IV, a mujallar BMJ. Mutum 180, su ma sababbin karaya, su ma da aikin bogi. An bi su shekara guda. Babu wani bambanci na a zo a gani. A shekarar ce kuma ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 21 ta ce ba ta ga wani amfani mai muhimmanci ba.

21/ Hukumomi ma kansu bai haɗu ba. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ba da shawara mai ƙarfi a 2010 cewa kada a yi. Hukumar NICE ta Ingila a 2013 ta ce a iya yi, amma ga mai sabuwar karayar da ba ta haɗe ba, wanda aka gwada masa maganin zafi yadda ya kamata ya ƙi ji. Ostireliya ta cire shi daga abin da gwamnati ke biya a 2011, ta dawo da shi a 2021 da sharuɗɗa masu tsauri.

22/ Wato ko waɗanda suka yarda da shi, ƙofa 'yar ƙarama suka buɗe: karaya sabuwa, hoton MRI ya tabbatar ita ce ke ciwon, zafi ya hana tashi, magani ya gaza. Tsohon da ke kwance ba ya motsi, ana tsoron gyambon kwanciya da ciwon huhu su riga ƙashin, in likitansa ya ce a yi, ni ba zan hana ba. Rigimata da masu mayar da 'yar ƙofar nan babbar kasuwa ce.

23/ Za su ce muku "ai namu na zamani ne, mai balan-balan". Sunansa kyphoplasty. Ana fara hura 'yar balan-balan a cikin gaɓar don a ɗaga ta a samu rami, sannan a zuba simintin. Ya fi tsada nesa ba kusa ba. Babban gwajinsa na 2009, mai mutum 300, da maganin gida aka kwatanta shi, ba da aikin bogi ba. Kowa ya san abin da aka yi masa. Kun dai ga abin da sanin nan ke yi.

24/ Ɗan tsokaci kan kuɗin da ke cikin harkar. Kamfanin Kyphon mai balan-balan ɗin, Medtronic ta saye shi a 2007 kan kusan dala biliyan 4. A 2008 aka biya gwamnatin Amurka dala miliyan 75 don sasanta zargin cewa Kyphon na zuga asibitoci su riƙa kwantar da mutane a aikin da za a iya yi a sallame su ranar, don a caji inshorar gwamnati da yawa. A can ma ke nan, inda ake sa ido.

25/ Sai haɗari, wanda bidiyo ba ya ambata. Ruwa-ruwa ake ɗura simintin cikin ƙashin da ya tsattsage, don haka yoyo abu ne da ake yawan gani a hoto. Galibi ba ya yin komai, gaskiya ne. Amma wani lokacin yana bin jijiyar jini ya tafi huhu, ko ya zubo ta baya ya danne laka. In ya sandare a can, fitar da shi babban aiki ne. Ba kasafai ba ne, amma akwai.

26/ Ga wanda ya fi shafar mu nan gida. Ba duk gaɓar da ta lotsa ce zaizaya ba. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma tibi na cin ƙashin baya ya durƙusar da shi. Sankarar mama da ta mafitsarar maza na bazuwa can. Akwai kuma sankarar ɓargo. A hoton eksire na farko duk suna iya yin kama.

27/ Ɗura siminti a ƙashin da ƙwayar cuta ke ci kuskure ne babba, littattafan aikin ma sun hana. Dillalin da ya kalli hoton da kuka ɗauka da waya ya yanke muku farashi a daren, ta ina ya san ba tibi ba ne? Ya tambayi zazzaɓi? Gumin dare? Rama? Ko lambar fasfo kawai ya tambaya?

28/ Ku riƙe wannan ko kun manta sauran: ciwon baya tare da sanyin ƙafafu ko kasa ɗaga su, ko fitsari da bayan gida na zuba ba a sani ba, ko zazzaɓi da rama, wannan asibiti ne yau, ba gobe ba. Kuma don Allah ban da mai ɗori. Gaɓar baya ba ƙwauri ba ce da za a ja a ɗaure da kara. Laka na bayanta.

29/ Yanzu babban abin da ya sa nake jin haushi. Mu ɗauka aikin ya yi kyau, zafin ya tafi. Gaɓa ɗaya aka cike. Sauran gaɓoɓin fa? Ƙugu fa? Garar na nan tana ci. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA a 2001 ya nuna cewa cikin matan da suka samu sabuwar karayar baya, kusan ɗaya cikin biyar na sake samun wata kafin shekara ta zagayo.

30/ Maganin garar kuma yana nan, an daɗe da shi, hujjarsa ta fi ta siminti ƙarfi nesa. Ƙwayar alendronate, wadda yanzu ake sha sau ɗaya a mako, ta rage sabuwar karayar baya da kusan rabi a gwajin da aka buga tun 1996. Ƙarin ruwan zoledronate, sau ɗaya a shekara, ya rage ta da kashi 70 cikin 100 a gwajin 2007 mai mata sama da 7,000. Ba wanda ke yi musu bidiyo da kiɗa a baya.

31/ Kada wani ya ruga kemis fa. Suna da ƙa'ida. Sai an duba ƙoda, an duba sinadarin kalsiyam da bitamin D, an leƙa haƙora. Ita ƙwayar da sassafe ake sha kafin a ci komai, da kofin ruwa cike, kuma ba a kwanciya sai bayan rabin awa, in ba haka ba ta ƙona maƙogwaro. Aikin likita ne. Amma kuɗinta na shekara bai kama ƙafar tikitin mutum ɗaya ba.

32/ Mu koma kan Gwaggo. Da ƙyar na samu Yaya ya yarda a fara ganin likitan ƙashi a nan. Na ce masa, "Yaya, ka ba ni mako biyu. In likita ya ce a fita, ni zan fara sa hannu a takardar filin." Ya ce, "Kai dai ka cika taurin kai." Aka yi MRI da gwajin jini. Ba tibi, ba sankara, alhamdu lillahi. Amma gaɓa biyu ce ta lotsa, ɗaya tsohuwa da ba wanda ya san da ita.

33/ Sai likitan ya yi tambayar da duk gidan ba wanda ya taɓa yi: wane magani take sha kullum? Aka zazzage ledar. Ga wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da wani mai kemis ke ƙulla mata na "sanyin ƙashi", shekara uku tana sha. Dexamethasone ne a ciki. Maganin da take sha don ƙashi shi ke cinye mata ƙashin.

34/ 'Yan mata, nan ku ma ya shafe ku. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ƙiba da cikar fuska, suna cikin magungunan da suka fi zaizaye ƙashi in an daɗe a kansu, kuma ƙashin baya suke fara taɓawa. Ba sai kin tsufa ba. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Likita ne zai riƙa rage shi a hankali.

35/ Abin da aka yi wa Gwaggo ba shi da armashin ɗauka a waya: maganin zafi a kan lokaci, kwana kaɗan na hutu sannan a tashe ta ta riƙa takawa a tsakar gida, don doguwar kwanciya na ƙara cinye ƙashi. Mai gashin ƙashi ta koya mata yadda za ta tashi daga gado ta gefe. Aka sa mata kujera a banɗaki, sallah a zaune, aka ɗauke ledar tsakar ɗakin da ke zame mata.

36/ Abinci ma an taɓa: kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu, da ɗan zama a hantsi. Ƙarancin kalsiyam a cimarmu ba zato ba ne. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yaran da ƙafafunsu suka gwame sun fi samun sauƙi da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Amma kuka ba ta maye gurbin magani ga wadda ta riga ta karye.

37/ In an kawo muku maganar siminti, ku tambayi likitan, ba dillalin ba: yaushe karayar ta faru? MRI ya nuna sabuwa ce? An tabbatar ba tibi ko sankara ba? Wane maganin zafi aka gwada, na kwana nawa? In simintin ya yi yoyo wa zai gyara, bayan mun dawo gida wa zai bi ta? Sannan me za a ba ta don gaɓa ta gaba? Wanda ya ji haushin tambayoyin nan, kun samu amsa.

38/ Kuma yau in kun koma gida, ku jingina Hajiya ko Inna da bango ku auna tsawonta. In ta rage kamar santimita 4 daga yadda take a ƙuruciya, ko ta taɓa karyewa a 'yar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, ku kai ta a duba baya, ku tambayi gwajin ƙarfin ƙashi da ake kira DXA. Ku leƙa ledar magungunanta ma.

39/ Gwaggo yanzu wata na biyar. Tana zuwa maƙwabta da sandarta, ta koma sallah a tsaye sai dai ruku'u a hankali. Bayan na yi mata tsami in ta daɗe a zaune, doron kuma bai miƙe ba, likita ya ce ba zai miƙe ba. An yi mata ƙarin ruwan farko, na biyu sai baɗi. Filin na nan. Yaya har yau cewa yake da an fita da tuni ta warke sarai, kuma ya sake turo bidiyon a guruf shekaranjiya.